Sara Ana Duban Bakin Gatari: Yanayi da Aikin Itace a Ƙasar Yashe

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa noma yana da lokutansa. Akwai lokacin sharar gona, da na shuka, da na noman firi, da na maimai, da na girbi, kuma ko yaro ƙarami ba zai ɗauki iri ya nufi gona a tsakiyar hunturu ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, aikin itace ma haka yake. Sara, da datsa, da hawa, da kaɗo 'ya'ya, da dashe, kowannensu yana da lokacin da ya dace da shi, yana kuma da irin wurin da yake karɓarsa. Wanda ya kuskure lokacin shuka hasararsa ta hatsi ce, baɗi sai ya gyara. Amma wanda ya kuskure lokacin itace, sau da yawa da ƙashin jikinsa yake biya, ko da ransa, ko kuwa ya kashe bishiyar da ta yi shekara 50 tana ciyar da gida.

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in bayyana yadda yanayin sama da halin ƙasa suke juya aikin itace a garinmu Yashe da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Yashe gari ne a ƙaramar hukumar Kusada ta Jihar Katsina, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Katsina, kafin a kai Kankiya. Ƙasa ce ta gonaki, kuma a cikin gonakin nan itatuwa suke a warwatse: gawo, da ɗorawa, da kuka, da tsamiya, da kanya, da marke, da aduwa. A cikin gari da bakin hanya kuwa bedi ya fi yawa, watau itacen da Kanawa ke kira darbejiya, wasu kuma dogon yaro. Ruwan sama yakan sauka daga ƙarshen Mayu ko farkon Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk rani ne.

Galibin abin da zan faɗa daga wurin baffana na same shi, ƙanen mahaifina, wanda sana'arsa sara da sassaƙa ce. Tun ina makarantar firamare nake bin sa ina riƙe masa igiya da gorar ruwa. Sauran kuwa na tsinto shi ne daga karatu da tambayar masana.

Kaka

Shekarar mai gatari daga kaka take farawa, dalili kuwa a fili yake. Manyan itatuwanmu a cikin gonaki suke, kuma muddin akwai amfani a tsaye ba manomin da zai yarda a kada masa gungume a kan dawarsa. Sai an girbe gero, an yanke dawa, an yi roron wake, an kwashe kara, sa'an nan gona take buɗewa, a sami filin da itace zai faɗi ba tare da ɓarna ba. A lokacin nan kuma ƙasa ta tsane, amalanke yana iya shiga har gindin itace ya ɗauko kaya ba tare da ƙafarsa ta nutse ba.

Sai dai kaka tana da nata haɗarin, kuma a ƙasa yake. Ciyawa ta yi tsawo ta fara bushewa, ɓeraye sun yi yawa saboda hatsi, macizai kuma suna biye da su. Gindin itace da tsohon kututture da suri, nan ne maɓoyar kububuwa da gamsheƙa. Saboda haka baffana ba ya ɗaga gatari sai ya sa adda ya share kewayen itacen tas. Sharar nan amfaninta biyu: tana korar abin da ke ɓoye, tana kuma buɗe masa hanyar gudu in itace ya tashi faɗuwa. Na sha ganin ya ɓata rabin sa'a yana share wuri, ya zo ya kada itacen a cikin lokacin da bai kai haka ba.

Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, daga Hamadar Sahara, busasshiya mai ƙura. Wannan shi ne lokacin da aka fi yin aikin itace, kuma shi ne lokacin da ya fi neman a san halin iska. Iskar hunturu ba ta kaɗawa daidai wa daida daga safe zuwa yamma. Da asuba takan kwanta, da hantsi ta tashi da ƙarfi, sa'an nan ta lafa can wajen la'asar. Mai sara da ya san haka yakan fita da sassafe, ya jure sanyin da ke sandarar da yatsu, don ya kada itacensa kafin hantsi. Kafin ya fara yakan ɗebi ƙasa ya watsa sama ya ga inda ta nufa, ya kuma ɗaga kai ya dubi ƙololuwar itacen, domin iskar da ke sama ta fi wadda ke taɓa jikin mutum a ƙasa ƙarfi. Itacen da aka riga aka ci rabin gindinsa ba shi da sauran ƙarfin musu da iska, duk inda ta tura shi can zai tafi, ko da kuwa can ɗin ne mai saran yake tsaye.

Abu na biyu shi ne bushewa. A tsakiyar hunturu laimar da ke cikin iska takan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma duk abin da aka yi da itace sai ya ƙanƙance. Ƙotar gatari takan bushe ta saki ƙarfen da ke cikinta, mutum yana cikin sara sai ya ga ƙarfe ya fice ya yi nasa wuri. Don haka ake jiƙa kan ƙota a ruwa tun da dare. Haka kuma masassaƙi yakan sassaƙa turmi ko akushi tun itacen yana ɗanye, domin a lokacin ne gizago ke cinsa da sauƙi, amma in ya bar shi a sarari iska ta buge shi, bayansa zai bushe ya bar cikinsa da danshi, sai ya tsage. Baffana yakan ajiye sabon turmi a inuwa ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya bar shi ya bushe sannu a hankali. Aikin kwana 3 yana iya lalacewa a yini ɗaya in aka yi sakaci da wannan.

Na uku shi ne wuta. Akwai masu kada babban itace ta hanyar tara ƙirare a gindinsa su cinna wuta, su bar ta tana ci kwana da kwanaki. A cikin hunturu wannan ganganci ne babba, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya kama tarin kara ko harawa, har ya kai ga rumbu. Ban da haka, ba wanda ya san sa'ar da itacen zai faɗi, ko a kan wa.

Duk da haka hunturu shi ne abokin mai datsa. Itatuwa da yawa sun zubar da ganye, mutum yana ganin kowane reshe da inda ya karkata. Wurin da aka yanke yakan bushe da wuri, ruɓa ba ta samun hanyar shiga. Sandunan rufi da itacen girki da aka sara a lokacin nan sukan bushe sarai kafin damina.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan tsananta, ma'aunin zafi ya kai 40 ko ya wuce. Abin mamaki shi ne, a wannan lokaci ne aka fi hawa itace, domin buƙata ce ke tura mutane sama. Ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame, gawo kuwa yana tsaye kore shar. Shi gawo halinsa saɓanin na sauran itatuwa ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi toho, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta iske ruwa. Wannan hali ne ya sa manomi ke ƙaunarsa, don ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa kuma taki ne. Shi ne kuma ya sa makiyayi ke hawansa da adda ya sassaro wa dabbobinsa rassa. In an yi datsar da hankali, aka ɗauki wani sashe aka bar wani, itacen zai maye gurbin abin da ya rasa. In kuwa aka yi masa ƙwalƙwal shekara bayan shekara, 'ya'yansa sukan ragu, daga baya ya bushe a tsaye. Hausawa sun ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, amma da gamji aka yi maganar. Gawo da ɗorawa ba su da wannan juriya.

Ita ɗorawa takan fitar da jan furenta mai kama da tuntu a ƙarshen hunturu, 'ya'yanta su nuna a tsakiyar zafi. Daga gare ta ake samun garin ɗorawa, da kalwar da ake yin daddawa, da makubar da ake shafe gini da daɓe. Saboda darajarta kowa yana gaggawar kaɗe tasa kafin a riga shi. Wanda ya hau da tsakar rana, gumi zai sa hannunsa santsi, ƙishirwa ta sa masa jiri, kuma jirin da mutum zai yi a ƙasa ya zauna ya huta, in a kan reshe ya same shi ba wurin zama. A shekarun 2021 zuwa 2024 azumin Ramadan ya faɗo a cikin bazara, sai ya zamana masu hankali daga sallar asuba zuwa hantsi kawai suke aikin sama. Wanda ya sa doguwar ƙugiya ya kaɗo daga ƙasa ya fi kowa dabara, domin ya tsira da jikinsa, bai kuma karya rassan da za su yi 'ya'ya baɗi ba. Har ila yau, ƙudan zuma da rina sun fi faɗa a cikin zafi, kuma ana rataya amya a kan manyan itatuwa, don haka akan tsaya a saurara a kuma duba kafin a hau.

Ƙarshen bazara shi ne mafi haɗari a duk shekara. Sa'ad da iska ta juya ta fara tasowa daga kudu maso yamma, shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan itatuwan gari, to an san ruwa ya kusa. Hadarin farko daga gabas yake tasowa, kuma kafin ɗigon ruwa ya sauka iska mai ƙarfi da jar ƙura ce ke yi masa jagora. Tsakanin ganin gabas ta yi duhu da isowar iskar nan wani lokaci bai wuce 'yan mintoci ba. Baffana yakan ce mini, "Kai ɗana, in gabas ta haɗe rai, ko sara ɗaya ya rage maka, sauko." Ba ya kuma barin itacen da ya fara ci ya kwana a tsaye a wannan lokaci. In ya san ba zai gama ba, ba ya farawa.

Damina

Da damina mai gatari manomi ne, gatarinsa a rataye yake, kuma akwai hujja. Ɓawon itace in ya jiƙe santsi gare shi, balle na kuka wanda ko da rani sulɓi ne da shi. Ga shi kuwa da damina ne kuka ke da ganye, kuma ba gidan da ba ya buƙatar miyarta. Akan kafa turaku a jikinta a riƙa takawa, amma jikin kuka taushi gare shi kamar soso, turken bara yana iya zarewa bana. Saboda haka masu lura sukan jira ƙarshen damina, su zaɓi ranar da gari ya washe, su sake kafa sababbin turaku. A lokacin ne ma ganyen ya ƙosa, kuma ana samun iskar da za ta busar da shi a inuwa ya fito kore.

Sai kuma tsawa, wadda ta fi faɗa wa dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, irin waɗanda ke gonakinmu. Wanda ya ji cida yana kan itace, ko yana fake a gindinsa da ƙarfe a hannu, ya sa kansa a hanyarta. A watan Agusta kuma, lokacin marka, ƙasa takan sha ruwa ta saki saiwa, ganye ya yi nauyi, itace ya zama ba a san inda zai karkata ba. Wanda aka sara a lokacin ba ya bushewa, sai ya yi funfuna ƙwari su shige shi, wurin yankan da ke jikin uwar kuma ya riƙe ruwa ya fara ruɓa.

Aikin da ba makawa a yi shi da damina shi ne na itacen da iska ta tuge ya tare hanya ko ya danne katanga. Mutane sukan ɗauka itacen da ya riga ya faɗi ba shi da sauran haɗari, alhali rassan da ya danne a lanƙwashe suke kamar baka, da an yanke su sai su ɗaka wa mutum duka. Tushen da ya tuge ya miƙe sama kuma yana iya komawa raminsa da ƙarfi da zarar an raba shi da gangar jikin. Don haka daga ƙananan rassa ake farawa, a rage nauyi, a kuma kori yara daga bakin ramin.

Halin Ƙasa da Wuri

Ko da lokaci ya yi daidai, sai an dubi inda itacen yake tsaye. A jigawa, inda rairayi ke da zurfi, saiwa takan nutsa ƙasa sosai, itace ya kafu, in kuma an kada shi ƙasa mai taushi ce ke tarbarsa. A fako kuwa, ko inda marmara take kusa da sama, saiwa ba ta samun hanyar nutsawa, sai ta bazu a kwance. Irin wannan itace, musamman bedi, shi iska ta fi tugewa, kuma in an kada gungume a kan ƙasa mai tauri yakan yi tsalle ko ya tsage, masassaƙi ya yi hasarar turminsa. A fadama da bakin rafi itatuwa sukan karkata wajen ruwa, gaɓa kuma ruwa ya riga ya ci ƙarƙashinta, mutum yana tsaye sai ta rufta da shi. A gangare kuwa kullum ta sama ake tsayawa, domin gungume ƙasa yake mirginawa.

Akwai kuma abin da ke cikin itacen kansa. Gara takan cinye cikin bishiya ta bar ɓawo da ganye kamar ba abin da ya faru. Baffana yakan bugi gindi da ƙeyar gatari ya kasa kunne. Lafiyayyen itace amonsa a dunƙule yake, mai kogo kuwa sai ya amsa kamar ganga. Muhimmancin wannan yana ga yadda ake kada itace. Da farko akan sari baki a ɓangaren da ake so ya faɗi, a ci kamar kashi ɗaya cikin 4 na kaurinsa. Sa'an nan a koma baya a sara ɗan sama kaɗan da bakin farko, a bar wani ɗan tsiri a tsakiya ba a yanke ba. Tsirin nan shi ke riƙe itacen ya bi da shi inda aka nufa, kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan maƙallinsa. Itace mai kogo ba shi da naman da zai yi wannan riƙo, sai ya ɓalle ba shiri. Da ya fara ƙara, mai sara yakan ja da baya a karkace, ba ya bin saitin gindin, masu kallo kuwa akan nisanta su da tsawon itacen sau 2.

A cikin gari lissafin daban ne. Ga katangar maƙwabci, ga rufin kwano, ga rijiya, ga wayar lantarki, ga yara a lungu. A nan ba a kada itace gaba ɗaya. Daga sama ake farawa, a ɗaure kowane reshe da igiya a sauko da shi sannu. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wutar lantarki, don haka wanda ya kusanci waya ba a taɓa shi sai an tabbata an kashe wutar.

Zuwan Injin Zarto

Dukan ƙa'idodin nan sun rayu ne a zamanin da gatari ke tilasta wa mutum haƙuri. Wanda zai yini yana saran kirya yana da lokacin da zai dubi sama, ya ji iska, ya canza shawara. Yau injin zarto yana gama wannan aiki a cikin mintoci, kuma galibin samarin da ke riƙe da shi a kan yawan itacen da suka kada ake biyansu. Ga kuɗin hayar inji, ga na mai, ga mai motar da ke jira a bakin hanya. Wanda ke cikin wannan hali ba ya son a ce masa ya dakata iska ta kwanta. Ƙarar injin ma takan hana shi jin kukan da itace ke yi kafin ya ɓalle, balle kiran wanda ke yi masa gargaɗi.

Na san wani saurayi a wani ƙauye kusa da mu, sa'ana ne, wanda aka yi jinga da shi ya rage rassan wani babban bedi da ya rufe wani gida. Ranar da yamma gabas ta yi baƙi, dattawa suka ce ya sauko, ya ce saura reshe ɗaya. Iskar da ta riga ruwa isowa ta murɗe reshen da ya yanka rabi, ta yi jifa da shi ƙasa. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ƙugunsa ya karye, har yau ba ya iya riƙe garma, ga mata ga 'ya'ya 2. Kuɗin jingar bai kai na maganin mako ɗaya ba. Ba ina cewa a yar da inji a koma gatari ba ne, domin inji ya sauƙaƙe wahala mai yawa. Abin da nake cewa shi ne, an gaji saurin inji ba a gaji ilmin da ya kamata ya raka shi ba, sauri kuwa an ce ya haifi nawa.

Dashe da Reno

Yanayi da wuri suna hukunci a kan mai dasawa kamar yadda suke yi a kan mai sara. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, hukumomi sun mai da hankali ga dashen itatuwa a arewacin Nijeriya. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, aka fara wani babban shirin dashe a jihar da taimakon Tarayyar Tattalin Arzikin Turai. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa a gefen Sahara, kuma Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin ya shafa. Bedin da ya cika garuruwanmu ma baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Borno, ya karɓu saboda yana jure fari.

Amma kowa ya ga ramukan da aka yi bikin dashe a kansu, aka dawo baɗi ba a tarar da komai ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ɗan itacen da aka dasa a ƙarshen Agusta makonni kaɗan suka rage masa na ruwa, saiwarsa ba za ta kama ƙasa ba kafin rani na wata 7 ko 8. Lokacinsa shi ne sa'ad da damina ta zauna, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Wanda aka kai fako yana buƙatar rami mai faɗi da taki da ɗan gurbin da zai tare masa ruwa. Mangwaro na fadama ne, a jigawa sai da ban ruwa. Kowanne kuma sai an kewaye shi da ƙaya, in ba haka ba awakin rani su gama da shi a yini ɗaya.

Maƙwabtanmu na Maradi sun bi wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan tsofaffin itatuwa, waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara zaɓar 'yan rassa mafiya ƙarfi a kowane kututture a bar su, a yanke sauran da kaifin ƙarfe daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Sirrin nasarar shi ne, itacen da ya toho daga tsohon tushe ya riga ya saba da ƙasar da yake kai, saiwarsa kuma ta riga ta kai ga danshi. Sabara da kalgo da gawon da muke sharewa a gonakin Yashe irinsu ne.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mai karatu zai ga cewa ƙarfin damtse da kaifin ƙarfe su ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da mai aikin itace ke buƙata. Sanin sa'ar da iska ke tashi, da inda hadari ke fitowa, da bambancin jigawa da fako, da amon itace mai kogo, su ne ke mayar da shi gida lafiya, su ne kuma ke barin ɗorawa da gawo a tsaye don na baya. Ilmin nan ba a rubuce yake ba, yana bakin dattawan da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin kalmomin harshenmu yake ƙunshe. Saurayin da bai san ma'anar marka ko marmara ba, da wuya ya san haɗarin da ke tattare da su.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kamar yadda muke fita tattara tatsuniyoyi da karin magana, mu riƙa zama da masassaƙa da masu sara da makiyaya mu rubuta abin da suka sani, kowa a ƙasarsu, domin halin ƙasar Daura daban yake da na Funtuwa. In an tattara, a mayar da shi ga samarin da ke riƙe da inji, ta rediyo ko ta bakin masu unguwanni da malaman daji. Magabata sun ce a riƙa sara ana duban bakin gatari, na yanzu kuwa sai su haɗa da duban gabas. Allah Ya kiyashe mu da haɗarin sama da na ƙasa, Ya sa albarka a cikin itatuwanmu, amin.